Yadda ake shiga na'urar ajiya ta NAS daga kwamfutocin gida

NAS ƙaramar kwamfuta ce marar allo da madannai. Cikinta faifan ajiya ne, ɗaya ko biyu ko fiye, aikinta kuwa ta zauna kusa da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, tana riƙe da fayilolin kowa dare da rana. Kamfanoni irin su Synology, QNAP, Asustor da TerraMaster suna sayar da ita a haɗe. Wasu kuma sukan ɗauki tsohuwar kwamfuta su ɗora mata TrueNAS ko OpenMediaVault ta koma NAS. Ko wacce ce a hannunka, hanyar shigarta daga kwamfuta iri ɗaya ce.

Abin da ke ba mutane wahala shi ne, da sun jona ta fitilu sun kama, sai su buɗe sashen Network a kwamfuta su zuba ido suna jiran ta fito da kanta. Yau ta fito, gobe a neme ta a rasa. Wannan jerin ba abin dogaro ba ne, kuma ba sai ta nan ake shiga ba. Abu uku ake buƙata: adireshin da ba ya sauyawa, foldar da aka raba ta hanyar SMB, wato yaren miƙa fayil tsakanin kwamfuta da NAS, da asusu mai suna da kalmar sirri. In ukun nan sun zauna daidai, Windows da Mac da Linux duk za su buɗe ta ba gardama. Don haka yawancin aikin a kan rauta da ita kanta NAS ɗin za a yi shi, kwamfuta sai daga baya.

Mataki na 1: a tabbatar duk suna kan layi ɗaya

Jona NAS da rauta ta kebul, nau'in Cat5e ko Cat6, a ɗaya daga cikin ramukan da aka rubuta wa LAN. Ramin WAN na shigowar intanet ne, kada ka sa ta nan. Kwamfutocin kuma suna iya hawa ta kebul ko ta Wi-Fi, muddin dai na wannan rautar ne.

Daga nan ka duba adireshin kwamfutarka. A Windows, danna maɓallin Windows da harafin R tare, rubuta cmd, ka danna Enter. A baƙin allon da ya buɗe rubuta:

ipconfig

Layi biyu za ka nema. IPv4 Address shi ne adireshin kwamfutar, misali 192.168.1.34. Default Gateway kuma adireshin rauta ne, misali 192.168.1.1. A mafi yawan gidaje, duk na'urar da ke kan layi ɗaya kashi uku na farkon adireshinta iri ɗaya ne da na saura, na ƙarshe kaɗai ke bambanta. Idan ka ga adireshi ya fara da 169.254, rauta ba ta ba kwamfutar adireshi ba ke nan, sai ka fara gyara haɗin kafin ka ci gaba.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko Wi-Fi ɗin baƙi: da gangan aka tsara shi ya ba da intanet kawai, ya hana na'ura ganin 'yar'uwarta. Na biyu gidan da ke da rauta biyu, ta kamfanin intanet da wadda aka saya daga baya don ƙara ƙarfin Wi-Fi. Sau da yawa kowacce kan kafa nata layin, a tarar da NAS a 192.168.0 wani abu, kwamfuta kuma a 192.168.1 wani abu. Maganin shi ne a mayar da rauta ta biyu yanayin Access Point, ko kuma a haɗa komai a kan guda ɗaya.

Mataki na 2: nemo adireshin NAS

Rubuta adireshin rauta a burauza, ka shiga shafinta, ka duba jerin na'urorin da ke haɗe. Sunan NAS zai fito da adireshinta a gefe. Masu Synology suna iya buɗe find.synology.com ko manhajar Synology Assistant, masu QNAP kuma Qfinder Pro. TrueNAS da OpenMediaVault suna nuna adireshin a allo idan ka jona musu shi lokacin tashi.

A ce ka samu 192.168.1.20. Da shi za mu yi misali har ƙarshe, kai kuma ka riƙa sa naka a madadinsa. Shafin sarrafa Synology yana 192.168.1.20:5000, ko 5001 in ta https ne. Na QNAP yawanci 8080 ne. Idan burauza ta yi gargaɗin cewa ba ta amince da takardar shaidar shafin ba, ba abin tsoro ba ne a cikin gida, na'urar ce ta sa wa kanta hannu a takardar.

Mataki na 3: kafe adireshin

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, kuma shi ke jawo kukan "jiya tana aiki, yau ta ƙi". Rauta aron adireshi take ba na'urori na ɗan lokaci, ta tsarin da ake kira DHCP. In wuta ta ɗauke ko aka sake kunna rauta, NAS ɗin da ke 20 tana iya farkawa a 27, duk hanyoyin da ka ajiye a kwamfutoci su tashi a banza.

Koma shafin rauta ka nemi wurin da aka rubuta DHCP Reservation, ko Address Reservation, ko Static Lease, kowane kamfani da sunan da ya ba shi. Zaɓi NAS daga jerin, ko ka rubuta lambarta ta MAC, wato haruffa da lambobi goma sha biyun nan da galibi ke jikin takardar da aka manna a bayanta ko ƙasanta. Ba ta adireshin da kake so, ka adana, ka sake kunna NAS ɗin.

Ana iya rubuta adireshin dindindin a cikin ita NAS ɗin kai tsaye. Yana aiki, amma sai an zaɓi lambar da ba ta cikin waɗanda rauta ke rabawa, in ba haka ba wata rana a ba wayar wani lambar, su yi karo. Ni na fi son a bar wa rauta aikin, domin ranar da aka canja rauta, NAS ɗin za ta karɓi sabon adireshi da kanta maimakon ta maƙale a tsohon layin da babu kowa a kai.

Mataki na 4: SMB, foldoji da asusai

SMB shi ne yaren da kwamfuta da NAS ke amfani da shi wajen miƙa wa juna fayil, ta ƙofa mai lamba 445. Windows da shi ta saba, Mac ta mai da shi zaɓinta na farko tun fitowar sigar manhajarta mai suna Mavericks a 2013, Linux ma tana jin sa. Kunna shi kaɗai ya wadatar da gida. A Synology yana Control Panel, sashen File Services. A QNAP yana Control Panel, ƙarƙashin Network & File Services, da sunan Microsoft Networking. A TrueNAS yana sashen Shares.

Cikin saitunansa za ka ga inda ake zaɓar mafi ƙanƙanta da mafi girman sigar da za a yarda da ita. Sa mafi ƙanƙanta SMB2, mafi girma SMB3.

Sai ka ƙirƙiri foldojin rabawa. Ba su gajerun sunaye marasa tazara a tsakani, kamar Hotuna, Aiki, Bidiyo. Ka kuma guji haruffa masu ƙugiya a sunan babbar folda, domin za ka riƙa rubuta shi da hannu a kwamfutoci daban-daban, wasu madannan kuwa ba su da su. A wurin ƙirƙirar kowace folda akwai zaɓin kunna kwandon shara. Kunna shi, kada ka yi wasa da wannan. Fayil ɗin da aka goge daga NAS ta Windows ba ya shiga kwandon sharar kwamfuta, tafiya yake yi gaba ɗaya, sai fa in NAS ɗin tana da nata kwandon.

Asusai kuma, kowane mutum a gida ya samu nasa. Asusun shugaban na'ura, wanda ka kafa ta da shi, a bar shi don shiga shafin sarrafawa kawai, kada a ajiye kalmar sirrinsa a kowace kwamfuta. A kan kowace folda za ka zaɓa wa kowane asusu ɗaya cikin uku: karantawa da rubutawa, karantawa kawai, ko hana shiga. Foldar hotunan iyali, misali, mutum ɗaya ko biyu ne ya kamata su iya gogewa, saura su kalla kawai. Wannan ba rashin yarda da kowa ba ne. Idan muguwar manhaja mai kulle fayiloli don neman fansa ta shiga kwamfuta ɗaya, duk foldar da asusun kwamfutar ke iya rubutu a ciki za ta taɓa, wadda yake karantawa kawai kuma ta tsira.

Mataki na 5: daga Windows

Danna Windows da R, ka rubuta adireshin da karkatattun layuka biyu a gabansa, masu jingina baya:

\\192.168.1.20

Za a tambaye ka suna da kalmar sirri. Na asusun da ka buɗe a NAS ake nufi, ba na kwamfutar ba. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin Windows kan cike gurbin da imel ɗin asusunka na Microsoft. In ka ga haka, danna More choices, sannan Use a different account, ka rubuta sunan da kanka. Yi alama a Remember my credentials. Foldojinka za su bayyana.

Don kada ka riƙa rubuta adireshi kullum, ba foldar harafi ta zama kamar faifai a cikin kwamfuta. Buɗe File Explorer, danna This PC. A Windows 11 danna ɗigo ukun da ke sama ka zaɓi Map network drive, a Windows 10 kuma yana ƙarƙashin Computer. Ɗauki harafi daga ƙarshen baƙaƙe, Z ko Y, gudun kada ya yi karo da filashin da za a soka nan gaba. A gurbin Folder rubuta cikakkiyar hanya har da sunan foldar, adireshi kaɗai ba ya isa:

\\192.168.1.20\Hotuna

Yi alama a Reconnect at sign-in, da kuma Connect using different credentials in ba ka riga ka adana kalmar sirrin ba, ka danna Finish. Mai son yin sa da umarni ɗaya sai ya rubuta wannan a cmd, tauraron da ke ciki shi ke sa a tambaye shi kalmar sirri ba tare da ta fito a allo ba:

net use Z: \\192.168.1.20\Hotuna /user:sunanka * /persistent:yes

Wani lokaci bayan kunna kwamfuta za ka ga jan gicciye a kan faifan. Galibi Windows ce ta nemi NAS kafin Wi-Fi ya gama hawa. Danna shi sau biyu zai buɗe.

In har kana son NAS ɗin ta riƙa fitowa a sashen Network ma, je Settings, Network & internet, ka buɗe bayanan haɗin da kake kai, ka mai da shi Private network, sannan ka kunna Network discovery. A ɓangaren NAS kuma a kunna WS-Discovery. Ƙari ne kawai, faifan Z zai yi aiki ko babu shi.

Mataki na 6: daga Mac

Buɗe Finder, danna Command da K tare. Rubuta wannan, ka lura layukan nan gaba suke jingina:

smb://192.168.1.20/Hotuna

Zaɓi Registered User, sa suna da kalmar sirrin NAS, ka yi alamar a ajiye ta a Keychain. Alamar ƙari da ke cikin tagar tana adana adireshin don gaba. Domin foldar ta riƙa hawa da kanta duk lokacin da ka shiga, je System Settings, General, Login Items, ka ƙara ta a jerin yayin da take buɗe. Idan ka ci karo da tsohon bayani yana cewa ka kunna AFP, tsohon yaren raba fayil na Apple, saboda Mac, wuce shi. Zamaninsa ya shuɗe, Time Machine, manhajar Mac mai ajiye kwafin fayiloli, ma yanzu ta SMB take ajiya a NAS.

Mataki na 7: daga Linux

Don shiga na ɗan lokaci, buɗe manhajar fayiloli, Files ko Dolphin, danna Ctrl da L, ka rubuta adireshin smb irin na Mac. Shi ke nan.

Haɗin dindindin, wanda kowace manhaja za ta gani, yana buƙatar ɗan ƙarin aiki. A Ubuntu ko Debian, buɗe Terminal ka rubuta:

sudo apt install cifs-utils
sudo mkdir /mnt/hotuna
sudo nano /root/.smbnas

A cikin fayil ɗin rubuta layi biyu, username=sunanka da password=kalmarka, ka adana. Kulle shi don kada sauran masu amfani da kwamfutar su karanta:

sudo chmod 600 /root/.smbnas

Sannan ƙara wannan a ƙarshen /etc/fstab, duk a layi ɗaya:

//192.168.1.20/Hotuna /mnt/hotuna cifs credentials=/root/.smbnas,uid=1000,gid=1000,_netdev,nofail 0 0

Lambar 1000 ta asusun farko ce a yawancin rabe-raben Linux, umarnin id zai nuna maka taka. In ba ka sa uid ba, foldar za ta hau a matsayin mallakar root, wato asusun shugaban kwamfutar, ka kasa rubutu a ciki. Kalmar nofail ita ke hana kwamfuta tsayawa cik wajen tashi ranar da NAS take kashe. Gwada da sudo mount -a kafin ka sake kunna kwamfutar.

Wayoyi ma suna shiga da adireshin nan da asusun nan. Manhajar Files ta iPhone tana da Connect to Server, VLC kuma tana buɗe foldojin SMB don kallon bidiyo.

Idan ta ƙi buɗewa

Kada ka shiga canja saituna barkatai. Bi abin daki-daki daga tushe. Fara da rubuta ping 192.168.1.20 a cmd ko Terminal, don ganin ko NAS za ta amsa. In babu amsa, matsalar ta haɗi ce: kebul, Wi-Fi ɗin baƙi, rauta biyu, adireshin da ya sauya, ko VPN, wato ɓoyayyiyar hanyar da ke haɗa kwamfuta da wani layi ta intanet, da ke kunne a kwamfutar tana hana ta ganin layin gida. In akwai amsa, buɗe PowerShell ka gwada ƙofar SMB:

Test-NetConnection 192.168.1.20 -Port 445

Idan TcpTestSucceeded ya nuna False, ko dai SMB a kashe yake a NAS, ko katangar tsaro ta tare shi, ta NAS ɗin ko ta manhajar rigakafin da ke kwamfuta. Saƙon kuskure 0x80070035, mai cewa ba a samu hanyar ba, yawanci a waɗannan wurare biyu yake warwarewa. In ya nuna True, to saura maganar asusu.

Kalmar sirri daidai amma ana ƙin ta? Wataƙila Windows tana riƙe da tsohuwa. Buɗe Credential Manager, shiga Windows Credentials, ka goge abin da aka ajiye da adireshin NAS. Akwai kuma kuskure mai lamba 1219: Windows ba ta yarda mutum ɗaya ya shiga na'ura ɗaya da asusai biyu a lokaci guda. Umarnin net use * /delete yana yanke duk haɗin da ke buɗe, har da faifan da ka ba harafi, sai ka sake shiga da asusu guda.

Wanda ya saba shiga NAS ɗinsa ba kalmar sirri, ya wayi gari ta rufe bayan sabunta kwamfuta, ga dalili: daga sigar 24H2, Windows 11 Pro ta daina yarda da shigar baƙo marar asusu, ta kuma wajabta sa hannun tsaro a kan haɗin SMB. Intanet cike yake da dabarun kashe waɗannan kariyar. Ba na ba da shawarar ko ɗaya. Buɗe asusu a NAS, ka sabunta manhajarta, a wuce wurin.

Haka ma SMB1. Za ka ga masu cewa ka koma ka kunna shi a Windows komai zai daidaita, kuma sau da yawa yakan buɗe ɗin. Amma ta raunin SMB1 ne manhajar fansa ta WannaCry ta bi ta mamaye kwamfutoci a ƙasashe da dama a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya. Daga ƙarshen shekarar ne Microsoft ta fara janye shi daga sababbin Windows 10. SMB2 ya zo tun zamanin Windows Vista, SMB3 kuma a 2012. NAS ɗin da har yau SMB1 kaɗai take ji, in babu sabuntawar da za ta ɗaga ta, a kwashe fayilolin cikinta a yi mata ritaya. Shekarunta sun nuna faifan cikinta ma ya kusa gajiya.

Idan tana buɗewa amma tana jan ƙafa

Kwafi babban fayil guda ɗaya ka kalli saurin. Haɗin kebul na gigabit yana ba da wajen megabait 110 a daƙiƙa. In ka ga ya tsaya cak a 11 ko 12, wani wuri a hanya ya faɗo zuwa megabit 100 (megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya): ko ramin rauta ne tsohon yayi, ko kebul ɗin ya lalace. Gigabit sai da duka wayoyi takwas na cikin kebul, in ɗaya ta tsinke sau da yawa haɗin ba ya mutuwa, sauka yake yi a hankali ba tare da ya sanar da kowa ba. Canja kebul kafin ka zargi NAS. A Wi-Fi, zangon 5 GHz ya fi na 2.4 sauri nesa ba kusa ba, amma bango yana rage shi. Dubban ƙananan fayiloli kuma kullum sun fi babban fayil ɗaya jinkiri, ko da nauyinsu ɗaya, wannan ba lalacewa ba ce.

Shiga daga wajen gida

Da zarar ta zauna a gida, sha'awar buɗe ta daga ofis ko daga tafiya za ta zo. Kada ka buɗe ƙofa ta 445 a rauta zuwa intanet, haka ma ƙofar shafin sarrafawa. Duba ko UPnP a kunne yake a rauta ko a NAS, domin yana iya buɗe ƙofofi ba da saninka ba, ka kashe shi. A 2022 manhajar fansa ta DeadBolt ta kulle fayiloli a na'urorin NAS masu yawa, kuma waɗanda aka bari a buɗe ga intanet ta farauta. Ka tuna kuma faifai biyu masu kwafin juna, abin da ake kira RAID 1, mutuwar faifai ɗaya kaɗai suke karewa. Abin da aka goge ko aka kulle, a duka biyun yake faruwa lokaci guda, don haka sai da wani kwafin a faifan waje da ake cirewa bayan an gama.

Hanyar da ta dace ita ce VPN taka ta kanka. Rautoci da yawa na yanzu suna zuwa da wani nau'in VPN mai suna WireGuard a ciki: ka kunna shi, ka ɗora bayanan haɗin a kwamfutar tafiya, da ka haɗa sai faifan Z ya buɗe da adireshinsa na gida. Sharaɗin shi ne layin da kake kai a can kada lambobinsa su zo ɗaya da na gidanka, shi ya sa wasu ke mayar da layin gidansu wani abu kamar 192.168.57 tun farko. Idan rautarka ba ta da shi, ko kamfanin intanet bai ba ka adireshin da ake iya samu daga waje ba, ɗora manhajar VPN mai suna Tailscale a NAS da kwamfutar. Zai ba NAS ɗin wani adireshi mai farawa da 100, da shi za ka shiga a madadin 192.168.1.20, sunan folda da asusu kuma suna nan yadda ka saita su.